Ga Telan da Ya Rage Sigari Zuwa Kara Uku Bayan Ciwon Zuciya

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani tela mai shekara 54 a Zariya, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto, a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Wata huɗu da suka wuce ina kan keke da dare na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji, gumi ya keto mini, hannuna na hagu ya yi nauyi. Yaran shago suka kai ni asibiti, na kwana tara, likita ya ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciyata jini ce ta toshe. An ɗora ni a kan magunguna, an kuma ce in bar sigari. Shekara 31 ke nan ina sha, kwali guda a rana, lokacin ɗinkin Sallah ma fiye da haka. Da aka sallame ni na yi mako uku ban taɓa ta ba, daga baya na koma, amma yanzu kara uku kawai nake sha, ɗaya bayan karin kumallo, ɗaya bayan la'asar, ɗaya kuma da dare idan zan rufe shago. Uwargidana da 'ya'yana sun ɗauka na daina, likita ma da ya tambaye ni na ce masa na daina, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Daga kara 20 zuwa uku, ashe ban yi ƙoƙari ba? Kuma tunda zuciyar ta riga ta taɓu, me dainawa za ta ƙara mini? Wani abokina ya ce in koma shisha ko sigarin lantarki. Idan ban sha ba raina ɓaci yake yi, in riƙa yi wa yara faɗa ba dalili, har ina tsoron kada wannan ɓacin ran ya fi sigarin yi wa zuciyata illa."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ce. Na karanta wasiƙarka sau biyu kafin in fara amsawa, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne makon nan uku da ka yi ba ka kunna ko kara ɗaya ba, bayan shekara 31 hannunka bai rabu da ashana ba. Wanda sigari bai taɓa kama shi ba zai ga kamar ba wani abu ba ne, amma duk wanda ya zauna kusa da mashayi a irin waɗannan kwanaki ya san azabar da ke cikinsu. Saboda haka idan tambayarka ita ce ko ka yi ƙoƙari, amsata ita ce ka yi. Sai dai akwai wata tambayar da ta fi wannan nauyi, wato ko kara uku a rana sun fitar da zuciyarka daga haɗari, kuma a nan ba zan yi maka kwana-kwana ba: ba su fitar da ita ba, ko kusa.

Yawancinmu da mudu muke auna illar sigari, muna ganin wanda ya rage kara 17 daga cikin 20 ya rage cutar da gwargwadon haka. A wajen huhu wannan lissafi yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin ɓarnar da hayaƙi ke yi masa tana ƙaruwa ne bisa yawan abin da aka zuƙa da kuma tsawon shekarun da aka yi ana zuƙa. Zuciya kuwa ba ta bin wannan lissafi. Jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya sirara ne, faɗin cikinsu bai wuce na bututun tawadar biro da wani abin kirki ba, kuma a tsawon shekaru kitse yakan taru a cikin bangonsu ya yi tudu, wata 'yar fata siririya ta lulluɓe shi. Ranar da fatar nan ta tsage, jini yakan ɗauka rauni ne ya samu, sai ya taru ya daskare a wurin, gudan jinin ya toshe hanya cikin mintoci kaɗan, naman da ke gaba ya rasa iska ya fara mutuwa. Mai yiwuwa wannan ne ya same ka a daren da kake kan keke. To, hayaƙin sigari yana kwarzane cikin jijiya, yana sa ƙwayoyin da ke daskarar da jini su yi danƙo su riƙa manne wa juna, kuma ba ya buƙatar kwali guda kafin ya yi hakan, ɗan kaɗan ya ishe shi. Nikotin da ke cikinsa tana ƙara gudun bugun zuciya, ta ɗaga hawan jini, ta matse jijiyoyi, sannan gubar kabon monoksaid ta shiga jini ta kama gurbin iskar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Ka ga ke nan ana ƙara wa zuciya aiki, ana rage mata abinci, a lokaci guda.

A shekarar 2018 wasu masana daga wata jami'a a Landan sun tattara sakamakon bincike 141 da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ. Abin da suka gano shi ne mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 yake ɗauke da shi. Kai kuma uku kake sha, ga shi zuciyarka ta riga ta faɗi sau ɗaya. Ina kuma so ka lura da kanka yau da dare, ka ga yadda kake shan karan nan na rufe shago. Ina kyautata zaton ba irin shan da kake yi a da ba ne, lokacin da kakan kunna kara ka ajiye a gefen teburin yanka, ya ci rabinsa shi kaɗai kana auna yadi. Yanzu tun la'asar kake jiran sa, saboda haka za ka zuƙa da ƙarfi, ka riƙe hayaƙin a ƙirji, ka bi shi har sai zafi ya taɓa yatsunka. Haka kusan duk wanda ya rage yawan kara yake yi ba tare da ya sani ba, shi ya sa kara ukun mai ƙishirwa ya fi uku a cikin jini.

Sai maganar cewa aikin gama ya gama. Gaskiya ne naman zuciyar da ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. Amma ai da sauran naman kake raye, da shi ka tashi yau ka yi salla ka taka keke, kuma jijiyoyin da ke ciyar da shi su ma shekara 31 suka yi suna shan hayaƙin nan, ba mamaki akwai tudun kitse a cikinsu da ke jiran ranar tsagewa. Dainawa saboda su ne. Wani nazari da aka buga a 2003, wanda ya haɗa bincike 20 a kan mutanen da ciwon jijiyoyin zuciya ya riga ya kama kamar kai, ya nuna cewa waɗanda suka bar sigari haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 36 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da sha. Wannan ragi ya kai, ko ma ya zarce, abin da kowace ƙwaya guda daga cikin magungunan da aka ba ka take iya yi ita kaɗai, ko da yake ba ina nufin ka saki ko ɗaya daga cikinsu ba ne, domin tare suke aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya daina bayan toshewar jijiyar zuciya yana rage yiwuwar sake samun wata da rabi, kuma amfanin ba ya jiran shekaru kafin ya fara: cikin minti 20 da kashe karan ƙarshe bugun zuciya da hawan jini sukan fara sauka, cikin awa 12 kuma gubar kabon monoksaid takan koma daidai a cikin jini. Mai ciwon zuciya yana cikin waɗanda suka fi kowa cin ribar dainawa, domin haɗarin da ke kansa ya fi na kowa kusa.

Batun ɓacin rai kuwa, a nan ne nake ganin sigarin ya fi yi maka wayo. Nikotin tana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, kuma cikin kamar awa biyu rabinta ya bar jini. Ƙwaƙwalwar da ta saba da ita, da zarar ta ji ta fara raguwa, sai ta tayar da hankali: ƙunci, saurin fushi, rashin natsuwa, kasa tsayar da tunani a kan aiki. Idan ka kunna kara sai waɗannan su lafa, ka ɗauka sigari ne ya kwantar maka da hankali, alhali damuwar da rashinsa ya haifar ce kawai ya janye na ɗan lokaci. Dubi tazarar da ke tsakanin karan safe da na la'asar, kusan awa takwas ce, ka ga kullum sai ka shiga wahalar masu dainawa sau biyu ko uku, ba ka kuma taɓa barin ta ta kai ƙarshe, domin da zarar jikin ya fara haƙura sai ka sake tuna masa. Shi ya sa kake yi wa yara faɗa. Wanda ya yanke gaba ɗaya yakan sha mafi tsananin wahalar a kwana ukun farko zuwa mako guda, sannan ta riƙa raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu, sha'awar da ke tasowa kuma takan zo ne kamar guguwa, ta yi 'yan mintoci ta wuce. A makon nan uku da ka yi, ka riga ka haye mafi wuyar tudun. Binciken da aka tattara a 2014 ya nuna cewa bayan makonnin farko waɗanda suka daina damuwarsu da ƙuncinsu raguwa suke yi, ba ƙaruwa ba. Amma ka riƙe wannan: baƙin ciki mai nauyi yana yawan biyo bayan bugun zuciya, saboda haka idan ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ba daɗi, ba ka sha'awar komai har na makonni, kada ka ɗora wa rashin sigari kawai, ka gaya wa likita, domin shi ma ciwo ne mai magani.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato ɓoyon. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya bi wannan hanyar da kake kai. Bayan an sallamo shi daga asibiti ya rantse wa kowa ya daina, sai muka lura idan ya fita sallar asuba ba ya dawowa da wuri, kuma idan ya shigo bakinsa cike yake da kanumfari, rigarsa kuma ta sha turare fiye da kima tun rana ba ta fito ba. Wata rana matarsa tana shara a bayan gida ta ga wani gwangwanin madara an cusa shi a cikin tsagar katanga, ta zaro, ta tarar cike yake da guntayen sigari, kowanne an sha shi har gindi. Ta mayar da shi inda yake, ba ta ce masa komai ba saboda kawaici, shi kuma bai ce mata komai ba saboda kunya, suka yi wata bakwai a haka, kowa yana tsare mutuncin kowa, har dare ɗaya ciwon ya sake kayar da shi. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. A gadon asibiti ne ya faɗa mata, ita kuma ta ce ai ta daɗe da sani, suka yi kuka tare a gabana. Yau shekararsa takwas rabonsa da sigari, kuma abin da ya taɓa gaya mini shi ne ɓoyon ya fi shan wahalar da shi, domin muddin ba wanda ya sani, ba wanda zai iya riƙe masa hannu a lokacin da sha'awar ta taso. Uwargidanka ita ke wanke kayanka, ɗan'uwa, kuma warin sigari ba ya ɓuya a jikin shadda. Ina kyautata zaton ta sani, jira kawai take ka buɗe mata ƙofa. Ka zaunar da ita ka faɗa mata, ka kuma gaya mata irin taimakon da kake so, cewa a makonnin farko ta yi haƙuri da fushinka, kada ta riƙa shinshinar rigarka kamar mai bincike, kuma idan ka ce mata yau abin ya matsa maka ta zauna ta ɗebe maka kewa maimakon ta yi maka gori.

Likita kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Komawa sigari bayan sallama daga asibiti abu ne da likitocin zuciya suke gani kullum, ba kai ne farau ba, kuma ƙaryar da ka yi masa kanka ta cuta, domin ta rufe maka ƙofar magani. Kamuwa da nikotin ciwo ne da ake yi wa magani, ba raunin imani ko ƙarancin jarumta ba ne. Daga cikin masu ƙoƙarin dainawa da ƙarfin hali kawai, ba magani ba mai ba da shawara, kusan uku zuwa biyar ne cikin 100 suke kai shekara a kowane yunƙuri, amma idan aka haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya damar takan ninka ko ta fi. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na taimaka wa masu son barin taba, ta ambaci magunguna huɗu: nikotin ta magani, da varenicline, da bupropion, da cytisine. Nikotin ta magani tana zuwa ne a matsayin filastar da ake mannawa a fata, ko cingam, ko alawar tsotsa, kuma hikimarta ita ce tana ba jiki nikotin a hankali, ba hayaƙi, ba kabon monoksaid, ba sauran dubban sinadaran da ke fitowa daga ƙonewar taba, sannan a riƙa rage ta cikin wata biyu zuwa uku. An gwada ta a kan masu ciwon zuciyar da ya lafa an ga ba ta ƙara musu haɗari. Idan cingam aka ba ka, ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara: za ka ɗan tauna har ka ji yaji-yaji, sai ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, idan yajin ya tafi ka sake taunawa, kuma ka guji zoɓo, kunun tsamiya, lemo da kofi minti 15 kafin ka sa shi, domin tsami yana hana shi shiga jiki. Varenicline ƙwaya ce mai ƙarfi wajen kashe sha'awar, tana iya sa tashin zuciya da mafarkai barkatai, kuma ana rage ta ga mai ciwon ƙoda. Bupropion ba a ba mai farfaɗiya. Ni ba likitanka ba ne, saboda haka kada ka aika yaro kemis ya sayo maka ko ɗaya daga cikinsu. Ka je da kanka ka ce, "Likita, na koma, kara uku nake sha a rana, ina so ka taimake ni." Da ainihin adadin ne zai san gwargwadon da ya dace da kai, kuma akwai magungunan da yakan zama dole a sake duba yawansu idan mutum ya bar sigari, kamar warfarin mai tsinka jini, idan kana cikin masu shan sa. Ba kowane kemis ake samun waɗannan magunguna ba, sai manyan kantunan magani na birane, saboda haka ka tambaye shi inda za ka samu na gaske.

Shawarar abokinka ta komawa shisha gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ruwan tukunyar sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya tace gubar, gawayin da ake ɗorawa a sama kuma yana ƙara yawan kabon monoksaid, sannan zaman awa guda na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da yawansa ya kai na kara 100 ko fiye. Garin tabar da ake shaƙa ko ake cusawa a baki shi ma nikotin ce ba awo. Sigarin lantarki maganarsa ta ɗan bambanta, domin ba a ƙona taba a cikinsa, kuma a Ingila ma'aikatan lafiya suna ba wasu mashaya shawarar amfani da shi a matsayin tsani na dainawa. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin magungunan da ta amince da su ba, yana ɗauke da nikotin da ke motsa zuciya, kuma mutane da yawa sukan ƙare suna shan biyun a tare, wanda hakan ba ya kuɓutar da zuciya. Mai tabo a zuciya kamar kai ya fi dacewa ya bi maganin da aka auna aka san abin da ke cikinsa.

Idan ka gama da uwargida da likita, sai ka tsayar da rana, kada ta wuce mako biyu daga yau, kuma daga wannan ranar ko zuƙa ɗaya ba ta cikin lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a daren jajibirinta ka kwashe duk wani kara, da ashana, da laita, daga aljihun keke, da ƙarƙashin tarin yadi, da duk inda ka san kana ajiya. Sa'ar da ka yi ita ce ka san lokutanka guda uku, ba a ɓoye suke ba. Na bayan karin kumallo, kada ka zauna a inda ka ci abinci ko na minti ɗaya, ka tashi ka kama asuwaki ka fita. Na bayan la'asar, idan ka fito masallaci kada ka bi ta bayan shagon da ka saba laɓewa, ka ɗan taka da ƙafa gwargwadon yadda likita ya yarda maka, carbi a hannu, domin yatsun da suka shekara 31 suna riƙe kara suna buƙatar abin riƙewa. Na dare shi ne mai wuya, saboda kai kaɗai ne kuma ka gaji, don haka ka ba babban yaronka makulli ya riƙa rufewa na wata guda, kai kuma ka wuce gida da wuri. Ka je wurin mai tiredar da kake saya ka gaya masa baki da baki cewa likita ya hana ka, kada ya sayar maka ko ka roƙe shi. Dokar hana yaɗuwar taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara ɗai-ɗai, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san har yau da 'yan canjin aljihu ake samun kara a kowace kusurwa, kuma wannan sauƙin samun ne yake mayar da masu dainawa baya, tunda mutum yakan ce wa kansa ai ɗaya ne kawai. Kada ka sake aiken yaran shago sayen sigari, kada kuma ka bar kowa ya sha a cikin shagon, ko abokin shekara talatin ne, domin hayaƙin wani yana ƙara wa mai shaƙarsa haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, kuma yaran nan da suka ɗauke ka zuwa asibiti sun daɗe suna shaƙar naka.

Akwai wani abu da ba kasafai ake gaya wa mutanenmu ba, kuma ya shafi teloli ƙwarai. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikin goro, shayi da kofi, saboda haka idan ka daina sigari sinadarin zai riƙa daɗewa a jikinka fiye da da. Mutum ya bar sigari, ya ninka goro don ya cike gurbin baki, sai ya ji zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, barci ya ƙi zuwa, ya ce ai rashin sigari ne zai kashe shi, ya koma. Ka rage goro da shayi mai kauri zuwa rabin abin da ka saba, musamman daga la'asar zuwa dare. Bakinka zai buɗe, abinci zai ƙara daɗi, kuma yawanci akan ƙara kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko. Wannan ƙiba ba ta kai kusa da illar sigari ba, sai dai ka ajiye gurji, karas ko 'yar gyaɗa marar gishiri kusa da keke, maimakon alawa da soye-soye, musamman idan kana da ciwon suga.

Jarrabawarka babba tana nan tafe a lokacin ɗinkin Sallah, lokacin da kaya za su taru, masu kaya su tsaya a kanka, a kwana ana aiki, jikinka kuma ya tuna cewa shekara 31 da sigari yake raya waɗannan darare. Bana ka karɓi aiki daidai ƙarfinka, ka tura saura ga yara, domin kwana a kan keke shi kansa bai dace da zuciyar da ke farfaɗowa ba. Maganar azumi kuma ka fara jin ta bakin likita saboda lokutan shan magungunanka. Idan ya ba ka dama, ka tuna cewa kowace shekara kana yin awa 13 ko 14 a rana ba ka kunna ba, wata guda cur, haɗarin yana wajen buɗa-baki ne, inda wasu kan jera kara biyu ko uku a kan cikin da ba komai da jinin da ya yi kauri saboda ƙishirwa. Idan kuma ƙafarka ta zame wata rana ka sha ɗaya, kada ka ce shi ke nan na karya, ka tafi ka sayo kwali. Ka jefar da saura, ka faɗa wa uwargida a ranar, ka duba abin da ya kai ka, ka ci gaba da maganinka. Yawancin waɗanda suka rabu da sigari sai da suka yi yunƙuri fiye da ɗaya, naka na farko kuma ya riga ya koya maka inda ramin yake.

Kafin ranar da za ka tsayar da kuma bayanta, idan ka ji nauyi ko matsi a ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, ko ya bi hannu, wuya ko muƙamuƙi, ko ya zo da gumi mai sanyi, sarƙewar numfashi ko jiri, kada ka tsaya tunanin ko rashin sigari ne ko gyambon ciki, kuma kada ka tuƙa kanka. A kai ka asibiti nan take, da katinka da magungunanka a hannu, domin kowane minti naman zuciya ne. Ka sanar da yaran shago da mutanen gida waɗannan alamu tun yanzu. Ka rubuto mini ranar da ka tsayar da abin da likita ya ce, sannan ka sake rubutowa idan ka cika kwana bakwai, ko da labarin bai yi daɗi ba. Ka gaida uwargida da yaran shago. Allah ya ba ka lafiya.